Shafi na Tara Yana Zurmi

Ƙauran Namoda, 9 ga Satumba

Zuwa ga aminina Bilyaminu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kana lafiya, da su Baba da mutanen Sakkwato. Mu nan sai godiya. An katse mana layin waya kwana shida ke nan, shi ya sa ka ga takarda a hannun direba.

Ka tuna kwafin tsohon littafin noman shinkafa da malaminmu Dakta Malami ya zo da shi daga Maleshiya, mai shafi goma sha huɗu, da rubutun Jawi, wato ajaminsu? Kwafin ɗaya ne tak gare shi. Ya ba ni aro ranar da muka karɓi sakamakon jarrabawarmu ta ƙarshe a jami'a, ya ce in mayar da shi boko in fassara kafin 30 ga wata, don ya haɗa da takardar nemar mini gurbin karatu a can.

Bilyaminu, shafi uku sun ɓace: na bakwai, na takwas da na tara. Na ƙirga sau biyar. Na ɗaga katifa, na zazzage akwati. Ba na iya cin abinci sosai. Kada ka faɗa wa Dakta tukuna.

Ka gaida mutan gida.

Naka,
Alamin

Ƙauran Namoda, 16 ga Satumba

Aminina Bilyaminu,

Sallama da fatan alheri. Ya jikin Baba? Allah ya ƙara sauƙi.

Na gano inda suke. Inna ce ta ɗauka. Ta shigo shara ta ga harufan Larabci a kan tabarma, ta ɗaga su don kada a taka, kamar yadda take yi wa kowace takarda mai irin wannan rubutu. Sai ta yi tunanin ɗanta ya shekara huɗu yana karatun mutanen Gabas, to wannan addu'ar can ce, mai ƙarfi. Ta kai wa baduku ya ɗinke su laya biyu. Ɗaya tana damtsen Yaya Haidar, da ke jan mota tsakanin nan da Shinkafi. Ɗayar ta aika wa ƙanenta Kawu Ɗantani a Zurmi, saboda gonarsa tana bakin daji wajen Dauran.

Na riga na karanta shafukan, na san abin da ke ciki. Na bakwai da na takwas, yawan ruwan da ake bari a kan irin shinkafa ne. Na tara, maganin kumburin cikin shanun huɗa. Babu sunan Allah ko sau ɗaya.

Na buɗe baki zan faɗa mata, sai ta riga ni. Ta ce tun da aka tare motoci a hanyar nan cikin azumi, duk ranar da Yaya ya fita ba ta iya haɗiye ko fura sai ya dawo, amma yanzu tana ci. Ta sa mini albarka har da hawaye. Ka san ni, ko shekarar rasuwar wani sarkin Malaka ta Maleshiya aka kuskure a aji sai na ɗaga hannu. Ranar nan amin kawai na ce.

Na gaji, wallahi. Ka sa ni a addu'a.

Naka,
Alamin

Ƙauran Namoda, 24 ga Satumba

Aminina Bilyaminu,

Gaisuwa da fatan kana cikin ƙoshin lafiya.

Na sami Yaya a tasha na faɗa masa gaskiya. Ya yi dariya har ya riƙe ƙofar mota. Ya ce ashe shi ya sa shinkafa ke masa daɗi kwanan nan, ya kira ni Shehun Maleshiya a gaban direbobi. Da ya gama ya ce shi bai taɓa tambayar abin da ke ciki ba, yana ɗaurawa ne don tsohuwa ta ci abinci. Ya kwance ya ba ni, da sharaɗin ta dawo damtsensa kafin la'asar.

Baduku ya farke ɗinkin. Na bakwai da na takwas ne a ciki. Ya datse gefensu don su shige, bayanan da Dakta ya yi da fensir sun tafi, amma rubutun yana nan. Na rubuta addu'ar matafiyi da hannuna, na duba wasullanta sau uku, aka ɗinke a madadinsu. Yanzu abin da Inna ta yi imani da shi gaskiya ne, ko da rabi.

Na so in je Zurmi. Motoci biyu suka juyo daga hanya ranar Talata, Yaya ya rantse ba zai kai ni ba, kuma babu waya balle in kira Kawu. Ina iya tuna kusan rabin shafin, amma ba zan rubuta kusan in kira shi fassara ba. Na bar wurin fari, na rubuta dalili a ƙasa.

Ga shafi goma sha uku da fassararsu, da takardar neman gafara. Ka miƙa wa Dakta hannu da hannu kafin ranar Alhamis. Idan ya ga aiki mai giɓi bai isa a tura ba, ba zan ga laifinsa ba. Idan ya tambayi shafi na tara, ka ce masa yana Zurmi a damtsen Kawu, yana zuwa gona da shi kullum, kuma Inna tana cin abinci.

Ka gaida su Baba. Allah ya sada mu da alheri.

Naka har kullum,
Alamin