Sojojin Clem a Rasha

Asabar, 4 ga Fabrairu

Clem ya ba ni sojojinsa yau a kulob ɗinmu na wasan yaƙi a kan tebur. Duka. Suna cikin gwangwanayen biskit, kowanne an shimfiɗa masa tsohon tawul. Sojojin dalma ne na Faransa, ba wanda ya kai ƙaramin yatsana tsawo, shuɗiyar riga da farin wando, waɗanda suka yi yaƙi a Sifen. Tun kafin a haife ni yake musu fenti. Yanzu ko kofin shayi sai ya sa hannu biyu.

'Yarsa Narelle ta samar masa ɗaki a gidan tsofaffi a birnin Cairns. Wasansa na ƙarshe da mu ranar huɗu ga watan gobe, daga nan ta tafi da shi. Yana so kafin nan in fesa musu rufi, wannan na gwangwani mai kama da ruwa, don kada fentin ya goge a hanya.

Na ce me ya sa ni, ga abokina Gurdip da injin feshinsa. Ya ce, "Gurdip ko bawon ayaba ba zan ba shi ajiya ba. Kai ba ka da gaggawa, samari." Gurdip daga can bakin tebur ya ce, "Ina jin ka, tsoho. Ranar huɗu har teku zan kore ka."

Sharaɗi biyu ya ba ni. Kada in fesa ranar ruwa. Kuma in gwada a kan guda ɗaya tukuna.

Ranar da ba ruwa, a garinmu Innisfail, a watan Fabrairu, tsakiyar damina. Na dai ce to.

Talata, 7 ga Fabrairu

Ruwa. Na jera su a kan katako a ƙarƙashin gida (gidanmu a kan dirkoki yake), kusa da injin wankin Mama, na tsaya ina kallonsu. Kowane soja fuskarsa daban. Akwai mai ganga da kumatu ja kamar ya sha giya. A bayan runduna har da wata mata mai jan alfadari, kwando biyu cike da lemo. Ya yi wa kowane lemo ɗigon haske. Wa zai gani?

Asabar, 11 ga Fabrairu

Ruwa har yanzu. Takalmin aikina ya yi funfuna.

Litinin, 13 ga Fabrairu

Rana ta fito da hantsi. Na roƙi baban Gurdip ya sallame ni da wuri daga rumfar shirya ayaba, na taho da gudu. Ƙasa tana ta turiri, rigata ta manne a bayana, amma sama garau. Na ce ai ba ruwa. Na kuma ce in na tsaya gwada ɗaya, kafin ya bushe hadari ya dawo.

Na fesa duka.

Da farko sun yi kyau, suna sheƙi. Na hau sama na sha ruwa. Da na sauko

Ba zan iya rubutawa yau ba.

Talata, 14 ga Fabrairu

Sun yi fari. Kamar an tankaɗe musu gari a ka. Shuɗin ya koma toka-toka, fuskokin duk sun dushe, mai gangar nan kamar gawa. Laimar da ke cikin iska ce ta shiga ƙarƙashin rufin ta maƙale. Kowa a kulob ya san wannan, ni ma na sani. Ba ruwan sama Clem yake nufi ba, danshi yake nufi, kuma babu lokacin da ya fi danshi kamar rana bayan ruwa. Na san haka tun ina tsaye da gwangwanin a hannu.

Mama ta sauko da wanki ta ce, "Haka ake so su zama?" Na ce e.

Alhamis, 16 ga Fabrairu

Na gwada goge uku da sinadarin wanke burushi. Farin ya fita, fentin Clem ya bi shi. Ƙarfe tsirara. Na naɗe su a tsumma na tura bayan gwangwanin fetur, kamar wanda ya kashe kajin maƙwabta.

Na gwada wani da rufi mai sheƙi, na shafa da burushi a hankali. Shuɗin ya dawo, ba duka ba. Fuskar ba ta dawo ba. Kuma guda ɗaya ya cinye min yamma guda. Ko aiki na bari ba zan gama kafin ranar huɗu ba.

Clem ya kira, ban ɗauka ba.

Lahadi, 19 ga Fabrairu

Gurdip ya zo aron abin awo, ya shigo ƙarƙashin gida ba sallama, kamar kullum. Ya tsaya a gaban katakon. Na jira.

Ya daɗe yana kallo, sai ya ce, "Rasha. Kai, Dion, ashe mugu ne kai. Dawowar Faransawa daga yaƙin Rasha cikin dusar ƙanƙara. Tsohon ne ya sa ka, ko ba-zata za ka yi masa?"

Abin da ya kamata in ce bai fi kalma uku ba. Na ce, "Ba-zata."

Ya buga min kafaɗa, ya ce ta yaya na sa raɓar ta kwanta haka a kan huluna, shi ya daɗe yana nema. Na ce hannu ne. Hannu ne! Ya ce dole a yi musu filin ƙanƙara, zai kawo farin soson da ya zo cikin kwalin sabon firjinsu. Kafin ya kai mota ya riga ya faɗa wa mutum biyu a waya.

Laraba, 22 ga Fabrairu

Ina gina filin. Soso a ƙasa, na sassaƙa tudu da kwari da wuƙar burodi. Ƙanƙarar kuma gam ɗin kafinta ne da hodar girki, a dama kamar kunu a shafa. Itatuwa daga busassun saiwoyin da na tsinto a bakin kogi. Kogin da ya daskare, ledar murfin kwalin kek.

Ban taɓa ganin dusar ƙanƙara ba. A kulob ma ban san wanda ya taɓa gani ba, sai dai ko Clem.

Abin da ya fi damuna, yana yin kyau. Ban taɓa yin abin da ya kai shi ba. Ina cikin aiki sai in ji daɗi, sai in tuna.

Asabar, 25 ga Fabrairu

Ban je kulob ba, na ce mura. Clem ya sake kira, wannan karon na ɗauka.

"Na ji an kai yarana Rasha."

Na ce e.

Ina jin rediyonsa yana ba da sakamakon tseren dawaki. Can ya ce, "To. Sai ranar huɗu." Ya ajiye.

Da ma zagina ya yi.

Alhamis, 2 ga Maris

Na rubuta masa gaskiya a waya, na goge. Haka na yi ta yi har aka kaɗa ƙararrawar komawa aiki. Na jera ayaba marar kyau a kwalin masu kyau, baban Gurdip ya ce ko soyayya na fara.

Asabar, 4 ga Maris

Ɗakin taron ya cika, har waɗanda suka daina zuwa. An kawo kek da sunansa. Na haɗa filin tun kafin kowa ya iso, na jera Faransawan a kan hanya, dogon layi. Mutane suna ta ɗaukar hoto. Wani ya ce har ya ji sanyi, alhali fanka uku suna juyawa kuma duk mun jiƙe.

Narelle ta shigo da shi. Ya zo bakin tebur da sandarsa. Ya ɗauki mai gangar, hannun yana rawa har na ji tsoron zai faɗi, ya kai shi dab da tabarau. Ya juya shi. Ya goga babban yatsa a kan rigar, sau ɗaya. Ni kaɗai nake kallon fuskarsa, sauran tebur suke kallo.

Sai Bruno, mai yawan karatun nan, ya leƙa ya ce, "Tsaya. Waɗannan ai farin wandon bazara ne a jikinsu, ba ko rigar sanyi. Wannan rundunar ta taɓa zuwa Rasha kuwa? Ga kuma lemo. Lemo a Rasha?"

Na ji kunnuwana sun ɗau zafi.

Clem bai ko ɗago ba. Ya ce, "Da guzurinsu suka taho, Bruno. Kai ma da za ka riƙa zuwa da naka biskit da mun huta." Aka fashe da dariya. Ya ce, "Ni na sa yaron. Ku kawo 'ya'yan lido, ba kallo na zo ba."

Suka yi wasa da Gurdip. Ni nake tura masa sojojin, yana nuna min da sanda. Bai kalle ni ba ko sau ɗaya, sai "gaba kaɗan", "juya su hagu". Gurdip ya kewaye shi da mahaya ta kan kogin, Clem ya ce kogin ba zai ɗauki doki ba, suka yi ta musu a kan ledar kek. Clem ya tsallakar da rabin mutanensa. Aka ce kunnen doki. Aka yanka kek.

Wajen tattarawa kowa ya fita ɗaukar kujeru, muka rage mu biyu. Ina naɗe su a tawul.

Ya ce, "Rana ce ta fito bayan ruwa."

Na ce e.

"Ka gwada a kan ɗaya?"

Na ce a'a.

"Uku ba sa nan. Na biyu a layin gaba, da mai tuta, da wani."

Na faɗa masa inda suke da yadda suka koma. Na fara ba shi haƙuri, ya ɗaga hannu.

"Feshin, kowa ya taɓa yi. Ni ma na yi, a kan nawa. Amma ka bar ni na ji a bakin Gurdip." Sannan ya ce, "Shuɗin nan, na daɗe kafin in same shi. Ba a sayar da shi."

Na ci gaba da naɗe su.

Narelle ta leƙo ta ce a kai gwangwanayen mota. Ya ce a'a, a can kantar ajiye kaya ɗaya tak suka ba shi, ba wuri. Ya ce da ni, "Ka tafi da su. Ka mayar min da su Sifen, yadda suke a da, ɗaya bayan ɗaya. Wanda ka gama ka kawo in gani. In bai yi ba ka koma da shi."

Bai ba ni hannu ba da zai tafi. Amma ya ba Gurdip.

Litinin, 6 ga Maris

Na faɗa wa Gurdip lokacin shan shayi. Ya tsaya da biskit a baki, ya ce, "Wato raɓar nan da na yi ta yabo." Na ce e. Ya yi dariya har ya ƙware. Daga baya ya daina, ya ce, "Kuma ka bar ni na yi ta yaɗawa." Bai zauna kusa da ni a motar komawa ba.

Filin ƙanƙarar yana kulob, suna so a ci gaba da wasa a kai. Ba na son ganinsa.

Lahadi, 19 ga Maris

Cairns a bas, da guda biyar a gwangwanin taba. Ɗakinsa ƙarami, taga tana kallon wurin ajiye motoci. Kantar ba komai sai hoton matarsa da rediyo.

Ya duba su ɗaya-ɗaya. Ya karɓi biyu. Uku ya turo min. "Wannan ba shuɗina ba ne, na kanti ne." Ya ce in sa ɗigon ja-ja mai duhu a ciki, kaɗan, kamar ba a sa ba. Bai taɓa faɗa wa kowa ba, in ji shi, kuma in Bruno ya ji zai san daga ina.

Bai tambaye ni lafiyar Mama ba. Da can yana tambaya.

Lahadi, 2 ga Afrilu

Ya karɓi huɗu cikin shida. Ya ce abincinsu kamar gam ɗin kafinta. Na kai masa kifi da soyayyen dankali a ɓoye.

Lahadi, 23 ga Afrilu

Sararin sama ya fara bushewa. Na kai bakwai, har da mai tutar, ɗaya daga cikin ukun da na kankare. Shi kam ba abin da za a dawo da shi, daga ƙarfe na faro, riga, fuska, komai. Na sa shi a tsakiyar sauran ban ce komai ba.

Clem ya ɗauke shi ya daɗe. Ya ce, "Ka ga wannan? Wannan ya dawo sarai. Na tuna ranar da na yi masa fuskar nan."

Idonsa ba kamar da ba. Da na yi shiru shi ke nan, kuma da ya ji daɗi.

Na ce, "Ba naka ba ne, Clem. Ni na yi shi. Naka na kankare."

Ya sake kai shi dab da tabarau. Ya juya shi hagu, ya juya shi dama.

"Shi ya sa hancin ya karkace."

Na ce hancin lafiyarsa lau, haka na mai gangarsa yake. Ban san daga ina maganar ta fito ba. Ya ce in kama bakina, yaron jiya. Ya miƙo min shi, na buɗe gwangwanin zan mayar, ya ce ina zan kai shi, a kan kantar ya ce in ɗora. A gaba, tuta ba ta tsayawa a baya.

Da zan fita ya ce Mama tana nan dai da ciwon gwiwar?

Saura da yawa. Sati mai zuwa matar lemo.