Abin da Maccido Ya Hango a Rafi

Zuwa ga Tasalla, hasken gidan Malam, farin furen albasar fadamar Aliero, ruwan randar da na kurɓa sau ɗaya na daina jin daɗin kowane ruwa. Sanyin idona, inuwar da nake nufa duk inda rana ta dake ni, gaisuwa gare ki gwargwadon ruwan da ya zuba a kan jinkar nan tun da marka ta kama. Kuma ki yarda da ni, ya zuba.

Ni ne naki Ɗantani na Jiga Maƙera, mai wanke gyambo a ɗakin magani na Maiyama, wanda aka ce miki ya bar addini. Da ajami na rubuta, ba da bokon Turawa ba, don ki karanta da idonki, kada wani ya karanta miki ya ƙara gishiri. Wanda aka riga aka zuba wa zancena ya isa.

Jiya da hantsi Hamma, makiyayin da ke sauka a gonarku da rani, ya iso nan makarantar mishan da taɓo har gwiwa, ɗauke da saƙon goggonki, Goggo Amariya. Ya ce Maccido mai jakai ya ba da labari a kasuwar Jega, ya maimaita a ƙofar masallacinku, wai da idonsa ya ga Nasara sun tsoma ni a rafi sun shigar da ni addininsu. Ya ce Malam mahaifinki ya sa a ɗaure kayan baikonmu a mayar Jiga Maƙera, da ƙyar Goggo ta roƙe shi ya yarda a jira kasuwar Jega uku, ɗaya kuwa ta riga ta ci. Na tambaye shi ke fa. Ya ce ba wanda ya ga hawayenki, sai dai kin bar tuwo ya ƙone sau biyu. Tasalla, ke da ko ƙanzo ba ya kama tukunyarki!

Maccido bai yi ƙarya ba. Ya ga abin da ya gani, daga nesa, ya cika sauran da kansa. Bari in faɗa miki abin da ya hango.

Kin san makarantar nan ba ɓoyayyen abu ba ce a rayuwata. Gyambon ƙafa ya kawo ni ina ɗan shekara goma sha huɗu, bayan an gama ɗaura masa duk ganyen da ke tsakanin Jiga da Liba. Ya warke a nan, na zauna shekara huɗu na koyi karatu da aikin magani. Ƙaramin wuri ne, ɗakin karatu biyu, ɗakin magani, majami'a ta jinka, sai guntun ƙarfen dogo da aka rataye a bishiya ana buga shi a madadin ƙararrawa. Duk shekara in damina ta zauna, ɗalibai suka tafi hutu taya iyayensu noma, mu tsofaffin 'yan makaranta sai mu dawo na kwana goma. Mu gyara jinkar da ke yoyo, mu yi wa gonar makaranta maimai, da yamma mu buga tamaula a cikin caɓi kamar ba mu ne masu gemu ba. Bana mun kai ashirin da uku. Yari, wanda ya zama akawun kanti, ya zo da takalmi mai ƙara, amma saboda taɓo a hannu ya riƙe shi tun daga hanya har ranar da aka watse. Mamman na Fagada, da ke aikin jirgin ƙasa a Ƙaura, ya sayo agogo, ya hana kowa sakat da faɗin lokaci, har tuwo sai ya duba agogo yake kai loma. Ranar Lahadi abokanmu Kirista su shiga majami'arsu, mu biyar Musulmi mu tsare tukunya, in lokaci ya yi mu yi sallarmu a gindin tsamiya. Shekara da shekaru haka muke, ba wanda ya taɓa jan rigar wani.

To, akwai wata al'ada ta shaƙiyanci da muka ƙirƙira wa kanmu. Duk wanda aka yi wa baiko a shekarar, ranar ƙarshe sai a ɗauke shi cak a kai shi rafin bayan makaranta, a dinga tsoma shi har sai ya faɗi sunan yarinyar da ƙarfi kowa ya ji. Baturen makaranta, wanda muke kira Mai Tabarau, yakan tsaya a bakin ruwa da littafin da yake rubuta sunayen tsofaffin ɗalibai, ya ƙara sunan amarya kusa da na angonta. Ni da hannuna na tsoma mutum huɗu a shekarun baya. Na yi dariya har da riƙe ciki, ban san ranata na tafe ba.

Na yi niyyar ɓoye zancenmu, wallahi na yi. Ƙullin nan naki ne ya tona ni.

Kin tuna ranar da muka fara haɗuwa? Ƙarshen rani ne, na zo Aliero yi wa mutane lambar rigakafin agana, mata suka watse kamar an ce ga kura. Na same ki a bayan gida kina sheƙar irin albasa a faifai, baƙin iri yana zuba, ƙaiƙayi yana bin iska yana sauka a gashin girarki. Kika miƙo mini hannun hagu ba tare da kin ajiye faifan ba, kika ce in yi sauri kina da aiki. Ni da na tsaga hannun mutum ɗari ban taɓa rawar jiki ba, ranar sai da na goge tafina sau biyu. Kika dube ni kika tambaya ko ni ne za a yi wa lambar. Wace tsawa ce ta taɓa faɗa wa mutum da taushi haka? Wane ciwo ne mai magani zai ɗauka a wurin aikinsa ya ƙi neman warkewa? Daga ranar na zama mai yawan uzuri a Aliero, har Goggo ta fara tambaya ko agana ta ƙi barin unguwarku ne.

Ranar da aka kai kayan baiko kuma, kika biyo ni zaure kika saka mini ƙulli a hannu, irin albasar gidanku, wanda Malam ba ya ba kowa ko da ɗan'uwa ne, wanda ya gada daga kakanki. Kika ce in adana shi kada ya ga ruwa, sai ranar da muka yi lambun kanmu. Tun ranar yana aljihun 'yar shara ta. Shi Yari ya kama ni ina shinshinawa a bayan ɗakin karatu, na yi zurfi har ban ji zuwansa ba. Da a ce takalminsa na ƙafarsa da na tsira.

Suka ɗauke ni bayan la'asar, Mamman riƙe da ƙafar dama, suna rera waƙar tsiya da suka ɗora a kan muryar waƙar majami'a, don ita ce muryar da kowa ya iya. Rafi ya kawo, yana ruri. Mai Tabarau ya tsaya cikin fararen kayansa da littafi a buɗe. Tsomawar farko na yi shiru, don kunya, ina ni ina kiran sunanki a gaban maza ashirin. Ta biyu na ce wata ce 'yar Aliero, suka ce Aliero gari ne ba mace ba. Ta uku suka riƙe ni har na ga duhu, na taso ina tari, na buɗe baki na kira Tasalla da ƙarfin da ban san ina da shi ba, har tsuntsaye suka tashi daga kan kuka. Suka yi sowa. Baturen ya sunkuya ya rubuta.

A daidai nan ne na hango Maccido a wancan ƙetaren, ya tsaya shayar da jakansa. Ki duba da idonsa, ya farin wata: ga Bature da littafi, ga waƙar coci, ga ɗan Jiga Maƙera ana tsoma shi sau uku yana tasowa yana kiran wani abu da ƙarar ruwa ta hana shi ji. Ni kuma don wauta sai na ɗaga masa hannu ina murna na ga ɗan gida. Ya kaɗa jakansa ya juya, ko waiwaye bai yi ba. Na ɗauka sauri yake yi. Ashe da aurena ya tafi a kan jaki.

Ba zan yi miki ƙarya don in same ki ba. Ina son mutanen nan. Sun wanke mini ƙafa lokacin da ni kaina nake ƙyamarta, kuma waƙoƙinsu sun zauna mini a ka, wani lokaci ina naɗa bandeji sai in ji ina rerawa. In Malam ya ce in zage su kafin ya ba ni ke, ba zan iya ba, kuma na san ke ma za ki raina ni in na yi. Amma goshina bai daina taɓa ƙasa sau biyar ba ko yini ɗaya, kalmar da aka raɗa mini a kunne ranar da aka haife ni ita ce a bakina, da ita nake fata in cika. Suna ɗaya na furta a cikin ruwan nan, kuma naki ne.

Da na taho da kaina maimakon takarda, sai dai da suka sake ni na taka dutse mai santsi na yi targaɗe, idon sawu ya kumbura ya yi kamar tulu. Ki ji ikon Allah, mai neman aure a garin masu ɗori yana kwance kwana goma sha biyar nesa da su, ana shafa masa man Bature mai wari. Jibi in sha Allahu zan hau takarkari. Mamman ya fasa komawa Ƙaura, zai raka ni, shi da ya riƙe ƙafata zai tsaya gaban Malam ya faɗi abin da aka yi, Malam kuwa ya san mahaifinsa. In gulbi ya bar mu muka ƙetare, za mu iso kafin kasuwa ta uku. In ya hana, ki roƙi Goggo ta ƙara roƙo, ko na kwana biyu ne. Ba na neman a yarda da takarda. A bar ni in iso, in tsaya a sahu bayan Malam, ya tambaye ni duk abin da ya ga dama.

Saura laifi na gaske, wanda Maccido bai gani ba. Ƙullinki yana aljihuna lokacin da aka tsoma ni. Amanar da kika ce kada ta ga ruwa ta sha rafi sau uku. Da na kwance shi na ga irin ya jiƙe, na zauna a ƙasa na yi kuka, abokaina suka ɗauka zafin ƙafa ne. Kin fi ni sanin irin da ya sha ruwa ba ya komawa ajiya, ko a shuka shi ko ya ruɓe. Na nemi fasasshen kasko, na cika shi da ƙasa da tsohon taki, na yafa, na ajiye a ƙarƙashin jinka inda marka ba za ta dake shi ba. Kwana takwas ina rarrafowa ina dubawa. Ran na tara ya fito, Tasalla, siriri kamar allura, kansa a lanƙwashe kamar yana jin kunya. Yau ya kai tsawon yatsa. Ba abin da nake yi sai zama kusa da shi ina korar kaji.

Nan da kwana ashirin zai nemi dashe, ba zai jira kowa ba. Zan ɗauko kaskon a kan cinyata har Aliero. Na san Malam zai gane irinsa da kallo ɗaya, zai kuma san hannun da ya fitar da shi daga gida, shi ya sa nake neman izininki tun yanzu. In kin ce a'a, ki aiko Hamma ya tare ni a mashigin Jega, in bar shi a can. In ban ga kowa ba, zan ajiye shi a ƙofar zaure kafin in yi sallama, ya zama shi ne farkon mai yi mini magana.

Ya sanyin safiyar damina, ya wadda ta miƙo mini hannu ba ta ajiye faifai ba, in Malam ya saurare mu ya kwance kayan nan, to mu dasa shi tare, ni in ja ruwa ke ki nuna mini inda na yi kuskure, har tsufa. In kuma ya ƙi, kada ki bari ya mutu saboda ni. Ki ɗauka ki dasa a gefen fadamarku, ƙasarsa ce. Ni dai ba zan nemi wani iri a wani gida ba, kuma ba ni da wata ƙasar da zan kai wannan.

Naki a tudu, naki a cikin ruwa, naki har ranar da za a yi mini wankan da ba na tashi,

Ɗantani