Kada Ka Waiwayo Ƙofata

Zuwa ga Hadizatu, sanyin idona, inuwata a tsakar rani, ruwan farko da ke shiga gona bayan ƙasa ta tsattsage!

Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ki sani kin hana ni sakat. Kin tuna yammacin da muka zauna a bakin kogi nan garinmu Suki, na gaya miki zan tafi Saudiyya kiwon raƙuma, na tambaye ki ko za ki jira ni? Ba ki ce e ba, ba ki ce a'a ba. Sai kika ɗauko magana daga tsohon wasan kwaikwayon Turawan Ingila da kike koya wa ɗalibanki, inda wata mace ta ce wa masoyinta ya tafi, kada ya waiwayo ƙofarta. Kika fassara mini, kika yi murmushi, kika tashi. Haba malama! Manomi ya yi tambaya, sai a ba shi jarrabawa?

Na kai maganar wurin abokina Khalid, wanda ya karanta Turanci a birnin Sinnar. Ya ce ai sallama ce, matar ta gama da shi. 

Amma da na zauna na yi ta juya ta, sai na tuna ranar da wana Sambo ya bar gida. Inna ta raka shi bakin ƙofa, ta ce kada ya kuskura ya waiwayo. Yana ba da baya ta durƙusa, ta ɗebi ƙasar sawunsa, ta ƙulle a bakin mayafinta, don ƙafar da ta fita ta dawo. Ba ta so ya gan ta a durƙushe tana kuka ne. Ban sani ba ko ƙasar Ingila tana riƙe sawu kamar tamu, amma zuciyata ta ce mini matar nan ba korarsa ta yi ba. Kunya take ji, kuma tana da abin da za ta ɗiba.

Ko kuwa Khalid ne ke da gaskiya? Ina tsoro, Hadizatu, ba zan ɓoye miki ba. Me zan yi da hamada da raƙuman wani, in babu mai jirana a Suki?

Ranar Juma'a bayan an sauko masallaci motarmu za ta tashi. Zan bi ta ƙofar gidanku, in tuɓe takalmina, in taka inda ƙasa ta fi laushi. Wallahi ba zan waiwayo ba, ko da wuyana zai karye. Sauran kuma yana hannunki.

Naki ni kaɗai, kin durƙusa ko ba ki durƙusa ba, har ƙasa ta rufe idona,

Jibirin