Ƙamus a Akwatin Inna

Daga Bakori

Ƙanena Sani,

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Yaya karatu, yaya sanyin Amurka? Mu nan kowa lafiya, an gama cirar auduga, ƙafar Baba ma ta yi sauƙi.

Albishirinka! Bintata ta ci jarrabawar shiga kwalejin horon malamai.

Amma ka ji abin da ƙamus ɗin Turancin da ka aiko mata ya jawo. Ranar da aka karɓo shi daga gidan waya na Funtua, Inna ta naɗe shi a sabon zanenta, ta kulle a akwatin kayanta. Wai kayan ɗanta ne, kada a ɓata. Binta sai ta wanke hannu kafin a ba ta, kuma a gaban Inna za ta karanta.

Da malamin su Binta, Malam Adebayo, ya zo ya duba, sai ya ce, "Inna, wannan rubutun Amurka ne. Wasu kalmomin ba haka Ingila ke rubuta su ba, kuma na Ingila ake bi a jarrabawa. Bari in sa alama."

Inna ta fizge abinta ta ce, "Malam, ka yi alamarka a takardarka!" Haka kuwa ya yi, har shafi huɗu.

Don Allah ka samo wa Binta na Ingila, domin wannan ya zama na Inna. Ba ta san boko ba, amma ta san shafin da ka rubuta sunanka, kullum sai ta buɗe shi.

Ka sa mu a addu'a, ka gaida abokan zamanka.

Yayarka,
Hajara