Kiran ƙaninki ya katse a Indiya

Assalamu alaikum, Yaya Hadiza.

Ina fatan kina lafiya. Ya Damagaram, ya maigida da yara, ya ƙafar Inna? Mu nan Challawa sai godiyar Allah.

Yaya, makon nan na ga tashin hankali. Ranar da ƙaninki, maigidana, ya sauka Indiya, inda kamfanin fatarsu ya tura shi koyon sabon inji, ya kira ni da layinsa na gida. Muryarsa can ƙasa ya ce, "Rabi, wasu mutane sun tare ni a filin jirgi," sai kiran ya katse. Na yi ta kira, ba ya shiga. Na je kamfanin, mai gadi ya ce manaja ya yi tafiya. Abinci ya gagare ni. A raina har na gan shi a kulle.

Shekaranjiya baƙuwar lamba ta kira ni. Na kasa ɗauka don tsoron abin da zan ji, sai maƙwabciyata ta ɗauka. Ashe shi ne. Masu masaukinsa ne suka zo tarbarsa, kiran kuma ya cinye katinsa nan take. Sai da ya sayi layin can mai araha ya same ni.

Har yanzu in waya ta yi ƙara, gabana faɗuwa yake. Don Allah kada Inna ta ji, saboda hawan jininta. Ku sa shi a addu'a, Allah ya dawo mana da shi lafiya. A gaida kowa.

Ƙanwarki,
Rabi