Abin da Ya Sa Ban Saya wa Baba Bindigar Ba

Estanzuela, Zacapa
Ranar Lahadi

Zuwa ga Yayana Adelso,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina roƙon Allah ya sa takardar nan ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da Aracely da yara. Allah ya ƙara maka ƙarfin jiki a wannan aikin rufin gidaje da kake yi cikin sanyin ƙasar mutane, ya tsare ƙafarka a kan tsani, ya sa ka gama lafiya. Mu nan muna nan daidai gwargwado. Zafin garinmu dai ka san shi, bai canja hali ba, amma ruwa ya fara sauka kuma shanu sun soma murmurewa. Jar saniyar nan mai taurin kai ta haihu, mace. Inna Chabela, ƙanwar Mama, ƙafarta ta yi sauƙi har ta koma yin cuku, bakinta kuwa da ma bai taɓa ciwo ba balle a ce ya warke.

Za ka yi mamakin ganin takarda daga wurina alhali muna waya kusan kullum. Dalili shi ne da zarar waya ta yi ƙara Baba yake zuwa ya tsaya a kaina, maganar nan kuwa ba ta faɗuwa a gabansa. Yaya, bindigar da ka ce in raka Baba ya zaɓa, kyautarka ta zagayowar ranar haihuwarsa, ban saya ba. Tsohuwar libarbarsa ma ba ta gidan nan, kuma ban ga alamar za ta sake komawa ƙugunsa ba. Ka daure ka karanta har ƙarshe kafin ka ɗauki waya ka fara yi mini faɗa.

Tun bara nake ganin ƙananan abubuwa a tare da shi. Ya nemi hularsa tana kansa, ya tambayi bijimin da aka sayar tuntuni, ya ci abinci ya ce ba a ba shi ba. Ni kuwa sai in yi dariya in ce tsufa ne. Da ka kawo maganar sabuwar bindiga har murna na yi, na ce ga abin da zai farkar da shi. Ya kuwa farka. Ranar Asabar ɗin da za mu tafi ya riga zakara tashi, ya yi aski, ya goge takalmansa, ya sa farar rigar nan mai maɓallan azurfa. Rabon da in gan shi haka tun Mama tana da rai.

Shagon Baffa Ovidio muka nufa, ina kuma? Mutumin da ya riƙe ka a coci ranar baftismarka, shi da Baba suke kiran juna compadre saboda wannan zumuncin tun ba a haife ni ba, ai Baba ba zai taka wani shago ba. Ranar kasuwa ce, shagon cike yake da mutane. A bakin ƙofa Baba ya yi abin da ya saba ba tare da kowa ya ce masa uffan ba: ya zare libarbarsa bakinta na kallon ƙasa, ya buɗe ta, ya juye harsasan a tafin hannu, ya miƙa wa mai gadi ta wajen ƙota, aka kulle ta a akwatin ƙarfe. Har harara ya aika wa wani saurayi da ke ƙunƙunin an karɓi tasa. Baffa Ovidio yana hango shi ya ɗaga murya, wai af, compadre, ashe ba ka mutu ba, ni da har na sayi baƙar riga? Baba ya ce ya adana ta da kyau, shi zai sa ta ranar da za a kai shi Ovidio ɗin, in dai an sami akwatin da zai ɗauki wannan tumbin. Shago ya kwashe da dariya.

Baffa ya ciro wata baƙa daga cikin gilashi, sabuwa dal. Ya zare gidan harsashinta, ya ja samanta baya, ya leƙa, ya nuna wa Baba cikinta wayam, sannan ya kwantar da ita a kan ƙyalle bakinta na kallon bango. Baba ya ɗauka ya sake leƙawa da kansa, har da zura ƙaramin yatsa. Baffa ya ce oho, wato ba ka yarda da ni ba kenan, tsohon banza? Baba ya ce ko uwarsa ce ta taso daga kabari ta miƙo masa bindiga sai ya duba. Yaya, da ka ga hannun nan. Hannun da ke zubar da kofi a gida ko rawa bai yi ba. Ya bi jikinta da babban yatsa yana neman ƙarzuwa, ya sa farar takarda ta baya ya leƙa bututun a hasken taga, ya girgiza ta kusa da kunne ko zai ji wani abu na motsi, ya gwada riƙonta hannu ɗaya da hannu biyu, yatsansa a miƙe nesa da kunama. Samarin da ke shagon suka bar abin da suke yi suna kallonsa. Ni kuwa kaina ya kumbura, ina cewa a raina ku kalla da kyau, ubana ne.

Sai ya nemi izinin ɗana kunama don ya ji taurinta, kamar yadda ake yi. Baffa ya ce bismillah, ya nuna masa gangar yashin da ke kusurwa, inda kowa yake saitawa. Baba ya ɗaga ta ya saita gangar. Ina gefensa na dama, kusa da kantar shagon. Ban san abin da ya gifta masa ba. Sai kawai ya juyo gaba ɗaya, da bindigar da komai, fuskarsa cike da fara'a, ya kira ni da sunan Mama, ya ce Hortensia, zo ki ji laushin abin nan. Bakin bindigar yana daidai ƙirjina. Na ji ƙas.

Babu komai a cikinta, na sani, mutum biyu sun duba a gabana. Amma duk da haka sai da na dafa kantar.  Ka tuna ranar da ka nuna ni da bindigar katako muna yara, Baba ya hana ka hawa doki har damina ta wuce? Mutumin nan ne fa. Abin da ya fi ci mini rai shi ne bai san ya yi wani abu ba. Yana ta murmushi yana duban mutane, yana jiran a yaba.

Da wani ne, da Baffa Ovidio ya kore shi har titi, ya taɓa yi a gabana. Amma sai ya miƙa hannu a hankali ya kwantar da bakin bindigar ƙasa, ya karɓe ta, ya juya ta kamar mai duba wani abu, ya yi tsaki. Ya ce kash, compadre, wannan tana da aibi, ga wata 'yar tsaga nan, ba zan sayar maka da kayan da zan ji kunya ba, ka bari sabon kaya ya iso. Baba ya ce wace tsaga, shi da ya duba ta ciki da waje, ko makanta ta kama ka ne bayan ƙiba? Baffa ya haɗiye, ya mayar da ita gilashi ya kulle. 

A bakin ƙofa ne abin ya ɓaci. Baba ya miƙa hannu a ba shi libarbarsa, mai gadi ya dubi Baffa, Baffa ya girgiza kai. Ya ce ai tun da ta zo sai ta kwana biyu a wanke ta, ya lura tana neman gyara. Ka san abin da wannan yake nufi a wurin mutanenmu. Mutum ya ba da bindigarsa amana a ƙofa, a gaban jama'a a hana shi, ai gara a mare shi. Baba ya yi fari fat. Ya ce Ovidio, ni za ka tuɓe a kasuwa? Ya ce ya yi nadamar ranar da ya ɗora ɗansa a hannunsa, ya kira shi ɓarawo, ya kira shi abin da ba zan rubuta ba, ya rantse ko gawarsa kada ya zo kai. Baffa yana tsaye kansa a ƙasa. Da na shigar da Baba mota, sai ya zagayo ta wajen tagata ya ce a hankali, Floridalma 'yata, libarbar nan in ta koma gida da harsashi take kwana, kuma ke ce kike kai masa kofi. Ya ce ya gwammace Baba ya mutu yana zaginsa.

 Da muka iso gida Baba ya ƙi cin abinci, ya zauna a baranda hannunsa a kan kuben da ba komai a ciki. Na yi kuka a kicin har na gode Allah. Ina ta cewa me ya kai ni, me ya sa ban zaɓi ranar da ba kowa ba, me ya sa na bari aka yi wa Baba, Don Baudilio guda, haka a gaban yaran da ya isa ya haifi iyayensu. Na ɗauka abin da zai fi ciwo shi ne zumuncin da ya tsinke.

Ranar Laraba da safe sai ga shi ya fito da farar rigarsa, ya goge takalma, ya ce in yi sauri, yau ce ranar da za mu je wurin compadre ya zaɓi bindigar da Adelso ya ce. Na tsaya ina kallonsa ko gatse yake yi. Ba gatse ba ne. Na ɗauko makullin mota. Da muka shiga, Baffa ya dube ni sau ɗaya ya gane, ya ware hannuwa ya ce af, compadre, ashe ba ka mutu ba? Baba ya ba shi amsar baƙar riga kamar yau ya ƙirƙiro ta. Suka sha kofi, Baffa ya ce kaya ba su iso ba tukuna, libarba kuma tana wurin wanki. Baba ya ce ba komai, ai a hannun ɗan'uwa take. Jiya ma mun sake komawa.

Don haka ina roƙonka abu biyu. Ka kira Baffa Ovidio ka gode masa, domin zagin nan shi kaɗai yake ɗauke da shi yanzu, wanda ya yi shi ya manta. Na biyu, akwai likita a Chiquimula da za mu gani makon gobe, amma ba na so in yaudare ka kamar yadda na yaudari kaina. Na san in ka fito daga ƙasar nan ba lalle a bar ka ka koma ba, na san akwai makarantar yara, ba zan ce maka dole ka zo ba. Abin da zan ce kawai, yanzu Baba yana ambatonka da sunanka kullum, kuma ban san har yaushe ba.

Ka gaishe mini da Aracely da kyau, ka ce na gode da maganin ƙafa. Ka shafa mini kan Mynor da Yesenia, ka ce Gwaggonsu tana ajiye da hotunansu a jikin madubi. Inna Chabela tana gaishe ku, ta ce wai ka rame a hoto, ko matarka ba ta iya wake ba ne. Baba ma yana gaishe ka. Ya same ni ina rubutun nan, na ce takarda nake yi maka. Ya yi dariya ya ce takardar me, yaron da ya kai shanu rafi? Ya ce in gaya maka in ka dawo da yamma ka rufe ƙofar garke da kyau, jiya ka bar ta a buɗe.

Allah ya sada mu da alheri.

Ƙanwarka mai kewarka,
Floridalma