Takardar Idris da Na Karanta Miki

Angwan Iya, Keffi
14 ga Maris, 1976

Zuwa ga Lailatu, sanyin randata a tsakar azahar, ƙamshin ƙasa bayan ruwan farko, inuwar mangwaron da na fake a ƙarƙashinta shekara goma sha shida, uwar 'ya'yana, yau kuma alƙaliyata,

Gaisuwa daga mijinki Ɗanbala, masinjan ofis, mai digirin aji uku na elementare, wanda unguwa ke kira Baturen Angwan Iya. Yau Baturen naki ko Hausar ma gardama take yi masa a bakin alƙalami.

Kwana goma sha tara ke nan da kika shiga motar zuwa garin Panda, gidan gwaggonki, kina riƙe da hannun 'yarmu Ma'u, ba ki waiwayo ba. Na bushe kamar kogin Antau a wannan wata, sai yashi da sawun shanu. Mangwaron tsakar gida ya nuna, yana faɗowa, kaji ke ci. Wa zan tsinko wa? Na yi wa akuyarki barkwanci jiya, ta juya mini baya. Ita ma ta ji labari.

Kin tuna shekarar samun 'yancin kai, da aka kawo majigi filin makaranta, muryar mai fassara ta dishe? Ni na miƙe na karɓi aikin, babu wanda ya sa ni. Baturen cikin majigin yana nuna yadda ake feshin auduga, ni kuwa na ce wa jama'a cewa yake yi a duk ƙasar Ingila bai ga ido irin na wata yarinya mai jan kallabi ba. Fili ya ɗauki dariya, ke kika rufe fuska, amma ta tsakanin yatsu kina kallona. Wayyo wannan kallo! Da shi na yi aure, da shi na yi ƙiba. Tun ranar kike faɗa wa matan unguwa mijinki yana jin Turanci kamar ruwa, ni kuma na kasa ce miki ruwan bai kai idon sawu ba.

Ai da ban je fim ɗin makarantar su Ma'u ba! Ranar Asabar da la'asar, an toshe tagogi da barguna, an gayyaci iyaye su ga fim ɗin da aka yi da littafin da yaran ke karantawa a aji: yaro ɗan shekara goma sha huɗu, an ɗauko shi daga makaranta an sa shi leƙen asiri, yana buɗe akwatunan manya da ɗan guntun waya. Na gyara hula, na matso kusa da kunnenki, na kama aikina. Yaron ya tsaya gaban wani tsoho yana magana, na ce miki cinikin keke suke yi. Sai Ma'u, wadda ta haddace littafin, ta leƙo ta ce, Baba, ai gaya masa yake yi an kashe ubansa. Kika yi dariya har da hawaye. Ni ma na yi, irin ta wanda wandonsa ya yage a kasuwa.

Ban san na haifi 'yar leƙen asiri ba. Mako guda tana bin sawuna, tana miƙo mini jarida a juye ta ga ko zan gyara. Ranar da ta sa tsinken kitsonki ta buɗe akwatin kwanona, wasa take yi, wallahi wasa, takardar shaidar makarantata take nema ta tsokane ni. Sai ta samo takardar Idris. Kada ki bari ta ɗora wa kanta laifi. Ita ta karanta abin da ke rubuce ne kawai, aikin da ya gagari ubanta.

To, bari in faɗa da bakina, tunda ban taɓa faɗa ba. Shekara takwas da suka wuce, ana tsakiyar yaƙi, takarda ta zo da Turanci daga asibitin soja. Kika fito daga madafa hannunki duk gari, kika tsaya a kaina, don Idris soja ƙanenki ne, ke kika goya shi bayan rasuwar innarku. Na duba, na duba. A cikin layi goma sha biyu, sunan Idris kaɗai na gane, sai kwanan wata. Kina kallona da idon nan na filin majigi. Sai na buɗe baki na ce Idris yana lafiya, an ƙara masa igiya, ya ce ki daka masa yajin daddawa ki ajiye. Kika rangaɗa guɗa. Kika daka yajin a ranar.

Abin da Sista Catherine, ma'aikaciyar jinya, ta rubuta kuwa, kin ji shi yanzu daga bakin 'yarki: an harbe shi a ciki, yana kwance, yana kiran Yaya Lailatu, a zo da sauri. Tafiyar yini ɗaya ce a mota. Washegari na sa takardar a aljihu na je har ƙofar Malam Ezra, malamin makaranta, a Sabon Gari. Na ɗaga hannu zan ƙwanƙwasa, sai na tuna yadda nake yi masa ba'a a teburin mai shayi cewa Turancina ya fi nasa, na juyo. Na ce gobe. Goben ta kai wata biyu, har abokin aikin Idris ya zo da jakarsa da labarin rasuwarsa. Ban san abin da ke cikin takardar ba, Lailatu, amma na san ban sani ba, kuma na yi shiru. Na kasa ƙona ta, na kasa nuna ta.

Me zan ce miki, ya farin watana? In ce ki yafe? Da wane bakin, wannan da ya yi wa mai mutuwa ƙarin igiya? Da zagina kika yi, da na samu abin riƙewa. Amma kin naɗe tabarmarki kawai, kika ce ba mutuwarsa ce ta raba mu ba, kiran da ya yi ta yi ne ba a amsa ba. Kullum in na yi sallama a zaure babu mai amsawa, sai in ce, Ɗanbala, ɗanɗana kaɗan.

Ga abin da ya rage mini. Na karɓi hutun mako guda. In kin yarda, in zo Panda in ɗauke ki mu je garin da asibitin yake, mu nemi inda aka sa shi, ki yi masa addu'a a kusa. Duk wanda ya yi mini Turanci a hanya, a gabanki zan ce masa ban iya ba, a samo mai fassara. In kin gama, kika ce a mayar da ke Panda, zan mayar da ke, in dawo in ci gaba da share ɗakinki ina ba akuyarki dusa har Allah ya karɓi abinsa. Wata mace ba za ta taka ɗakin nan ba. Wa ma zai ba ni?

Na san ba ki karatun boko, na kuma san wadda ke riƙe da takardar nan tana karanta miki. Ma'u, 'yar albarka, karanta wa innarki yadda na rubuta. Kada ki gyara ni, kada ki ƙara mini ko igiya ɗaya.

Naki har kabari, ko kin amsa ko ba ki amsa ba,
Ɗanbala